Kwakwar Sule a Lambun Barakatu

A ƙasan garin Kontagora, wajen bakin rafi, an yi wata ungozoma mai suna Barakatu, matar Ladan mai lambu. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, 'yar wajen Kaboji, kuma har ta koma ga Allah Hausarta ba ta rabu da ɗanɗanon Kambarcin uwarta ba. Lallashi kam ba ta iya shi ba. Mace tana naƙuda tana kururuwa, sai ta ce mata, "Rufe min baki ki yi aiki, ranar da kika sha daɗinki ai ba ki aiko a kira ni ba." Amma kowa ya shaida hannunta yana da albarka, don haka ake haɗiye faɗan, a sake aikawa a kira ta.

Abin da ba a faɗa a gabanta shi ne ita kanta sau huɗu tana haihuwa, sau huɗu ana kaiwa makwanci, babu wanda ya kai yaye. Daga nan haihuwar ta tsaya mata cak. Ta karɓi 'ya'yan rabin unguwa da hannunta, ta wanke su, ta miƙa wa iyayensu, ta koma gidan da babu kukan yaro.

Lambun Ladan yana cikin kwari. Akwai albasa da tumatir da alayyafo, akwai lemo da ayaba, a tsakiya kuma wani mangwaro da Ladan ya dasa a shekarar da ya auro ta. Ya yi faɗi har da tsakar rana ƙarƙashinsa duhu-duhu ne. Da zafi babu wurin da ya kai lambun nan daɗi. Amma da ɗari, duk sanyin garin can yake gangarawa ya kwanta, har ruwan randa ya riƙa cizon yatsa.

A shekarar da aka sami 'yancin kai wani kafinta mai suna Jacob, mutumin ƙasar Ibo, ya zo da matarsa Cecilia suka kama ɗaki a bayan gidan Ladan. Cecilia tana sayar da manja a kasuwa. Ta yi shekaru ba ta ko yi ɓatan wata ba, wannan ne ya sa Barakatu ta ja ta a jiki, don ta san ciwon. Da Allah ya kawo rabo, a hannun Barakatu yaron ya faɗo, cikin damina. Iyayensa suka sa masa Solomon. Barakatu ta gwada sunan sau ɗaya, ta ga harshenta ba zai ɗauka ba, ta ce Sulaimanu ne, bayan kwana biyu ya koma Sule.

Ranar da cibiyar yaron ta bushe ta faɗi, Barakatu ta ɗauka za ta binne ta a bayan ɗaki, inda aka binne mabiyiya. Cecilia ta riƙe mata hannu.

"A'a, Iya, ba nan ba. A wurinmu, ana sa ta a gindin ƙaramar kwakwar manja. Kwakwar ta zama ta yaron. Babu mai sara, babu mai sayarwa. Tasa ce har ya tsufa."

"To ina kwakwar?" in ji Barakatu.

Kwakwar tana can Gabas, sai da Jacob ya yi saƙo gida wani direban babbar mota ya zo da ita a cikin gwangwani. Da aka ajiye ta, Ladan ya yi dariya har da riƙe ciki, don abin bai wuce tsiron dawa mai ganye uku. Ya ce ya san kwakwar manja, akwai ta a kurmin wajen Zugurma inda ruwa ba ya ƙafewa, amma waccan ta saba da ƙasar nan tun kaka da kakanni. Wannan kuwa 'yar gata ce, daga inda ba a san bargo ba. Ɗarin farko zai kwashe ta.

"Kai dai ba mu wuri, Malam," in ji Barakatu. "Ba a tambaye ka duba ba."

Ita ta zaɓi wurin: ƙarƙashin mangwaro, kusa da rijiya, inda ayaba ta tare gefen da iska ke fitowa. Cecilia ta kwance ƙullin tsumma, ta sa cibiyar a ramin, Jacob ya ɗora kwakwar a kai, suka yi addu'arsu, Ladan ya shafa tasa fatihar daga gefe. Ɗarin farko ya zo ya ƙone mata bakin ganye, amma bai kwashe ta ba.

Shekarar da ta biyo ce ƙasa ta rikice. Labarai marasa daɗi suka riƙa zuwa daga manyan garuruwa, mutanen Gabas suka fara ɗaure kaya. Da safen da za su tafi, Cecilia ta shigo lambu da Sule a goye, lokacin bai daɗe da fara tafiya ba. Ta tsaya a gaban kwakwar, wadda ba ta wuce gwiwa ba.

"Iya, ki duba min ita. A wurinmu ana cewa yadda yaro yake girma, haka itacensa yake girma."

"Je ki, Allah ya kiyaye hanya," in ji Barakatu. Ta gyara mata goyon, ta ja ƙafar yaron kamar mai jin haushi. Ladan ya raka su tasha. Sai da ta daina jin takunsu sannan ta zauna a bakin rijiya ta yi kukan da ba ta bari wata mai naƙuda ta yi ba.

Cecilia ba ta ce komai fiye da haka ba. Sauran Barakatu ce ta ƙara da kanta. Ta ce a ranta, in dai tare suke girma, to tare suke rayuwa ke nan: muddin kwakwar nan tana kore, Sule yana numfashi a wani wuri. Da ta ƙulla wannan a zuciyarta, babu malamin da ya isa ya kwance shi.

Abin da ta iya shi ne jego, shi ta yi wa kwakwar. Da sanyi ya kawo kai, ta kewaye ta da zana riɓi biyu, ta yafa mata tsohon zanenta a ka, sai rana ta ɗaga ta yaye. Ba ta yarda a zuba mata ruwan rijiya na safe ba, ta ce wa ya taɓa yi wa jariri wanka da ruwan sanyi? Sai ta ɗora shi a murhu ya yi ɗumi tukuna. Ta binne wani tsohon tulu mai tsaga a gindinta har wuya, tana cika shi, yana tsatsafowa a hankali. Tokar murhunta kuwa ta daina ba masu yin sabulu, duk can take kai ta.

Matan unguwa suka sami abin yi. Su tsaya a bakin shinge su ce, "Barka da arziki, Barakatu! Yaushe suna? Ko a kawo kunun kanwa?"

"Ku kawo," takan ce. "Ta fi 'ya'yanku jin magana."

Ladan ya yi nasa ƙoƙarin. Ya ce, "Baraka, ki ji tsoron Allah. Rai a hannunsa yake, ba a gindin itace ba. Wannan camfi ne."

"Na sani, Malam," takan amsa, tana ɗora tulu a ka.

Sai yaƙi ya ɓarke. Ana jin labarinsa a rediyon mai shayi, daga baya kuma a bakin sojojin da suka dawo, waɗanda suka ce sun ga yara a can cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja saboda yunwa. In aka fara irin wannan zance Barakatu takan tashi ta nufi lambu. Ta buɗa ganyen ta leƙa tsakiya, inda sabon tsiro yake fitowa a naɗe, tsaye kamar mashi. In ta gan shi kore, ranar za ta ci tuwo.

Yaƙi ya ƙare, wasu mutanen Gabas suka dawo suka buɗe shagunansu. Babu wanda Barakatu ba ta tare ba. Wani ya ce ya san kafinta Jacob, amma mai tsawo ne. Wani ya ce sunan garinsu ma bai taɓa ji ba. Ba a daɗe ba Ladan ya kwanta ciwo, ya rasu, ya bar mata lambun. Da aka yi shekarun farin nan, rijiya ta ja baya har sai an jira ta taru, Barakatu ta zuba ido albasa da tumatir suka mutu, ta ba kwakwa ruwan. Maƙwabta suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Ita dai ta ci gaba da karɓar haihuwa, tana cin abin da aka ba ta.

To amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kwakwa ta kai shekara tara, ta wuce kan mutum, ba ta taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. Ganyenta dogaye ne sirara, suna miƙewa cikin rassan mangwaro, abin da take fitarwa kawai wani fure mai kama da yatsu, ya bushe ya zube. Barakatu ta ƙara toka, ta ƙara ruwa, ta ƙara zana, abin bai canja ba.

Wata rana, farkon damina, wani Bakambare mai suna Sati ya biyo da tallan tsintsiya. Mutumin Zugurma ne, hawan kwakwa ya gada. Ya hango ta ta saman shinge, ya yi sallama, ya tambaya ko za a sayar masa da ganyen. Saura kaɗan Barakatu ta bi shi da muciya. Da ta huce ta ba shi labari, ya kewaya itacen a hankali, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Inna, kin goya ta har ta wuce goyo," ya ce. "Tana ƙarama, inuwar nan ce ranta. Yanzu inuwar ce take cin ta. Dubi wuyanta yadda ya sirance. Furen da kike gani na namiji ne, yunwar rana ke sa ta yin sa. In aka bar ta haka, ba ta da sauran shekaru da yawa."

"Me za a yi?"

Ya nuna mangwaron da haɓa.

"In an sare shi, ɗari fa?"

"Wannan ban sani ba, Inna. Namu na kurmi sun saba. Taki baƙuwa ce, ba ta taɓa kwana a fili ba. Amma in za ki yi, ki yi yanzu da ruwa yake sauka, ta samu ta saba."

Ba ta yi yanzu ba. Mangwaron nan shi ne abin da ya rage mata na Ladan. A ƙarƙashinsa yake shimfiɗa buzu, a jikinsa yake rataye garma. Ta ce gobe, ta ce jibi, ta ce bari a yi Sallah. Kullum ta leƙa sai ta ga wuyan kwakwar ya ƙara sirancewa, kullum ta ɗaga kai sai ta ga mangwaron. Har damina ta tattara ta tafi. Sai da kaka ta yi, a lokacin da ya fi kowane muni, sannan ta aika a kira Sati da gatarinsa. Ya ce a bari sai baɗi. Ta ce ta san kanta, in ta bari yau ba za ta sake iyawa ba.

Kafin ya hau, ta dafa jikin mangwaron ta ce, "Malam, ka yafe ni. Kai ka riga ka isa inda za ka. Shi kuwa yaro ne."

Da la'asar babu abin da ya rage sai kututture da reshe ɗaya a gefen yamma. Rana ta faɗo cikin lambun, a wurin da ba ta taɓa taka ba tun kafin a haifi yawancin 'yan unguwar.

Ɗarin shekarar kuwa ya zo da ƙarfinsa. Kwakwa ta fi ƙarfin zana, ta fi ƙarfin zane, babu abin da Barakatu za ta iya yi mata sai ruwan ɗumi a gindi. Ganyen da suka saba da duhu suka ƙone da rana, iskar sanyi ta ƙarasa su. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ja, suka karye, suka rataya a jikinta. Tsakiyar ta yi nisa, ido ba ya kai wa. Masu wucewa suka daina tsokana, wannan ya fi tsokanar ciwo. Barakatu ta rame, ta daina faɗa, har wata mai naƙuda ta tambaye ta ko lafiya. Abin da take faɗa wa kanta kullum shi ne yaron ya tsallake yaƙi, ya tsallake yunwa, ita ta kashe shi da gatari.

Ana nan, sanyi ya fara sakin jiki. Wata safiya ta shigo da tulunta kamar kullum, ba don tana sa rai ba, sai don ƙafarta ta saba. Rana tana fitowa ta bayan ayaba. Ta ɗaga kai. Daga tsakiyar busassun ganyen nan, can sama, wani abu ya tsaya tsaf, siriri, kore mai haske, hasken safiya yana ratsa shi. Tulun ya zame daga kanta ya fashe, ba ta ko duba ba.

"Allahu Akbar," ta ce. Ta sake cewa. Ita da ta ga fitowar ɗaruruwan kawuna zuwa duniya, ba ta taɓa ganin fitowa irin ta ranar ba. Ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana kallo har rana ta take.

Abin da kwakwar nan ta yi bayan haka, waɗanda suka gani ba su manta ba. Damina na sauka ta buɗe sababbin ganye, gajeru masu kauri, ba irin na da ba. Wuyanta ya cika. Ta baje kai ta rufe wurin da mangwaro yake rufewa a da, in iska ta taso ana jin shuuu ɗinta daga hanya. Ɗari ya sake zagayowa, ta tsaya a fili babu zana babu zane, ko gezau. A shekarar da aka ba mu Jihar Neja, maza suna ta gardama a tasha kan ko Minna za ta fi Sakkwato kusa da talaka, wani curi ya kunno a hammatar ganyenta. Ya fara baƙi, ya bi ya rine, har ya koma ja kamar garwashi. Gani ya kori ji: matan da suka yi tayin kunun kanwa su ne suka fara zuwa, suna riƙe baki. Sati ya zo daga Zugurma ya sare curin da hannunsa, ya ɓare ɗa ɗaya, ya ce shi bai taɓa ganin mai tsoka haka ba.

Barakatu ta dafa, ta kirɓa, ta tace. Manjan ya cika kwalba guda. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta toshe bakin, ta ajiye a ƙarƙashin gado, ta ce na mai shi ne.

Bayan kaka, wata hantsi, tana tsugune tana zuba toka, sai ta ji an ce, "Iya."

Wata mace ce a bakin shinge, ramammiya, da furfura a goshi. Cecilia ce. Ta koma fataucin busasshen kifi daga Yawuri, motarsu ta sha bi ta Kontagora, ba ta taɓa iya sauka ba sai yau. Barakatu ta miƙe, amma ba fuskarta take kallo ba. Bayanta take leƙawa, tana neman yaro ɗan shekara goma sha ɗaya.

Cecilia ta gane. Ta girgiza kai.

"Tun shekara ta biyu ta yaƙi, Iya. Yunwa. Muna gudu ne, a hanya. Babansa ya binne shi a daji, shi ma bai ga ƙarshen yaƙin ba. Na koma na nema, na nema. Daji duk iri ɗaya ne."

Barakatu ta juya ta dubi kwakwar. A shekara ta biyu ta yaƙi kore take shar, ta tuna sarai. Albasar da ta bari ta mutu, mangwaron Malam, safiyar da tulu ya fashe, duk yaron yana ƙasa. 

"Ashe ƙarya take min," ta ce. "Shekara da shekaru tana min ƙarya, ni kuma ina dafa mata ruwa."

Cecilia ba ta ji ta ba. Sai a lokacin idonta ya kai kan abin da ke tsaye a tsakiyar lambun. Ta zo ne ta gaida tsohuwa kawai. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa tsiron gwangwanin nan ya wuce ɗarin shekarar da suka tafi ba. Ta shigo a hankali, ta tuɓe takalmanta, ta durƙusa a gindin, ta shimfiɗa tafin hannunta biyu a ƙasa.

"Nan muka sa ta," ta ce. "Iya, duk duniya nan ne kaɗai na san ƙasa tana riƙe da wani abu nasa."

Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe ta jingina bayanta da jikin itacen, ta ɗora hannu a kanta kamar yadda ake gwada tsawon yara a bango, ta ɗaga ido tana bin sa har can inda ganye suke kaɗawa. Hawaye yana zuba, amma bakinta a buɗe yake da mamaki.

"Dubi yadda ya yi tsawo," ta ce. "Ya fi babansa."

Barakatu ta share fuska da bakin zane, ta je murhu ta taɓa ruwan da yatsa, ta ji ya yi daidai. Ta juye a sabon tulu, ta kawo, ta ɗora a hannun Cecilia.

"Ungo," ta ce. "Ba a ba shi na sanyi. Zuba a hankali."